Mai bizar Shengen zai iya shiga Reyuniyon ko Giyana? Tambaya kan Faransa ta Turai da yankunanta na ƙetaren teku

Ɗan Tibiri:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai, ina roƙon masana su warware. A takardun neman bizar Faransa, da kuma shagunan Faransa na intanet, sai ka ga an rubuta France métropolitaine a nan, can kuma an rubuta outre-mer, alhali tuta ɗaya ce, shugaban ƙasa ɗaya ne. Wanda aka buga wa bizar Shengen, wato ta ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, a ofishin jakadancin Faransa zai iya wucewa da ita tsibirin Reyuniyon ko Giyana ta Faransa, tunda an ce su ma Faransa ce? Kayan da aka saya a Paris za a aika can, kayan cikin gida ne ko sai sun bi ta kwastan? Sannan haka sauran ƙasashe suke yi da nasu tsibiran? Don Allah wanda ya sani ya yi bayani dalla-dalla, ban da "na ji an ce".

Malam Ilyasu:

Wa'alaikumus salam, Ɗan Tibiri. Amsar ta farko: a'a, ba za ta shigar da shi ba. Tun a wurin awon kaya ma'aikatan jirgi za su tsayar da shi, domin kamfanin ake ci tara idan ya ɗauko fasinja marar takarda.

Dalilin yana cikin yarjejeniyar aiwatar da Shengen ta 1990. Sashe na 138 ya ce, game da Faransa da Holan, yarjejeniyar tana aiki ne a yankunansu na nahiyar Turai kaɗai. Saboda haka Reyuniyon Faransa ce, tana cikin Tarayyar Turai, tana kashe yuro, tana zaɓen shugaban ƙasa, amma ba ta cikin Shengen. Mutane suna ɗauka iyaka ɗaya ce, alhali iyakoki ne kusan biyar aka ɗora wata kan wata kuma bakinsu bai zo ɗaya ba: ta mulki, ta Tarayyar Turai, ta Shengen, ta kwastan da haraji, da ta kuɗi. Kowane yanki sai ka auna shi da kowacce daban.

Abin da suke kira France métropolitaine, ko metropol a taƙaice, shi ne gundumomi 96 da ke Turai. Tsibirin Kosika yana ciki, don haka ba batun tsibiri ko tudu ba ne. A ƙetaren teku, wato outre-mer, akwai gundumomi biyar, ya zama 101 ke nan: Gwadalup mai lamba 971, Martinik 972, Giyana 973, Reyuniyon 974, da Mayot 976. Huɗun farko dokar 19 ga Maris 1946 ce ta mai da su gundumomi, Mayot kuwa sai 31 ga Maris 2011. Sashe na 73 na tsarin mulkin 1958 ne yake kula da su, ma'ana dokar da majalisa ta yi a Paris tana hawa kansu kai tsaye, sai ɗan gyaran da yanayinsu ya tilasta.

Bayan su akwai rukuni na biyu, na sashe na 74: Polineshiya, Walis da Futuna, San Piyar da Mikelon, San Martin, San Bartelemi. Kowanne da dokar da ta tsara matsayinsa. A Polineshiya da Walis, yawancin dokokin Paris ba sa aiki sai an ambaci yankin a cikinsu. Sabuwar Kaledoniya ita kaɗai take da babinta a tsarin mulki, bisa yarjejeniyar Numeya ta 1998, kuma an yi mata ƙuri'ar raba gardama kan ƴancin kai sau uku, a 2018 da 2020 da 2021.

Ga yadda ake nema. A shafin France-Visas akwai gurbin da ake zaɓar inda za a fi daɗewa a tafiyar. A nan ake yin kuskuren: mutum ya zaɓi Faransa ya wuce, alhali sunan yankin ƙetaren yana cikin jerin da kansa. Wanda ya zaɓi Faransa, Shengen za a ba shi, ta yuro 90 tun watan Yunin 2024, ba kuma a mayar da kuɗi. Bizar yankin ƙetare tana da nata kuɗin, ƙasa da na Shengen. Ta dogon zama yuro 99 ce. Takardun kusan ɗaya ne: fasfo mai saura aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba, shaidar masauki, tikitin dawowa, shaidar kuɗin guzuri, da inshorar lafiya. A inshorar nan ma ana faɗawa rami, domin wadda aka rubuta wa "ƙasashen Shengen" ba ta rufe Reyuniyon ba, sai an sa sunan wurin ko an rubuta duk duniya. Mai zuwa Giyana kuma dole ya riƙe katin rigakafin shawara.

In an dawo maka da fasfo, kafin ka bar wurin ka karanta layin farko na tambarin, inda aka rubuta Valable pour. Idan ETATS SCHENGEN ka gani, ta Turai ce. Ta ƙetare sunan yankin take ɗauka. Tafiyar da ta haɗa Paris da tsibiri biza biyu take buƙata.

Waɗanda aka ɗauke wa wannan wahala su ne masu katin zama na Faransa ko na wata ƙasar Shengen, da masu bizar dogon zama, idan gajeriyar ziyara za su kai gundumomin. Akwai kuma ƴan wasu ƙasashe, kamar Indiya da Sin, da aka yi wa sassauci in suna da bizar shiga da fita ta dogon lokaci daga ofishin Faransa. Kada ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya ji labarin abokinsa Ba'indiye ya ɗauka shi ma ya samu. Kama da wane ba ta wane.

Hajiya Rabi Mai Kwantena:

Malam Ilyasu ya gama da biza, bari in ɗauki ta kaya, don a nan gizo yake saƙa.

Gundumomin biyar suna cikin yankin kwastan na Tarayyar Turai, amma suna wajen yankin harajin TVA, wanda ƴan Najeriya suka sani da VAT. Sakamakon haka, kayan da ya tashi daga Marsai ko Le Havre zuwa Reyuniyon, a idon masu haraji fitar da shi waje aka yi. Mai sayarwa zai cire TVA ɗin metropol na kashi 20, a can kuma a ɗora nasu. A Gwadalup da Martinik da Reyuniyon kashi 8.5 ne, kayan masarufi 2.1. A Giyana da Mayot ba a karɓar TVA. Kada wannan ya ruɗe ka, domin akwai wani haraji da ba a san shi a metropol ba, octroi de mer, harajin shigowa ta teku, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 17. Majalisar kowane yanki ce take yanka shi, kowane irin kaya da nasa kaso, kuma da shi ƙananan hukumomi suke biyan kaso mai yawa na hidimominsu. Shi ya sa kowa yana kuka da shi, ba kuma mai iya soke shi.

Misali, don a ga lissafin. Inji ne na yuro 1,000 kafin haraji, a shagon Paris 1,200 ke nan. Mu ƙaddara dako da inshora zuwa Reyuniyon 150. Ana lissafi a kan 1,150, ba a kan 1,000 ba. TVA na 8.5 ya kama 97.75. Mu ƙaddara harajin teku na wannan kaya kashi 10 ne, 115. Jimla 1,362.75, kafin ladan wanda ya fitar da kayan daga kwastan. Ka ga TVA ya ragu amma kaya ya yi tsada.

Abin da ya fi lalacewa shi ne mai sayarwa ya yanka rasit da kashi 20 a ciki saboda na'urarsa ta ga an rubuta Faransa a adireshi. Kaya ya isa, kwastan su sake karɓar nasu, an biya sau biyu, kuma karɓo na farkon sai an yi ta rubuce-rubuce. Tun kafin a biya a nemi rasit mai alamar HT, wato ba haraji. Na biyu, ƙunshin da aka kai gidan waya ba tare da takardar kwastan ta CN23 da rasit a jikinsa ba, zai kwana a sito. Gidan wayarsu ma farashi daban yake yi wa ƙetare, kashi biyu, na su Reyuniyon da Martinik da na Tekun Fasifik. Wannan ɗawainiya ce ta sa shaguna da yawa suke rubuta cewa metropol kaɗai suke kai kaya. Lambar gidan waya da ta fara da 97 ko 98 na'urarsu take gani ta ƙi.

Tsadar ba ƙarama ba ce. Binciken hukumar ƙididdigar Faransa na 2022 ya nuna abinci a Martinik ya fi na metropol tsada da kusan kashi 40. Shi ya haifar da zanga-zangar watan Satumbar 2024 a can, kafin ita kuma yajin aikin kwana 44 a Gwadalup a 2009. Gwamnati da kanta ta san da haka, tunda ma'aikacinta a Martinik ko Gwadalup ana ƙara masa kashi 40 a kan albashi, a Reyuniyon ya haura 50. Talakan da ba ma'aikacin gwamnati ba kuwa, kasuwa ɗaya suke ci da shi.

Su Polineshiya da Kaledoniya kuwa ba sa cikin yankin kwastan na Tarayyar ma sam. Nasu kwastan daban, nasu haraji daban, ka ɗauke su tamkar wata ƙasa.

Ƙaramin abu amma yana ɓata ciniki: lambar waya. Salular Reyuniyon tana farawa da 0692 ko 0693, kamar dai ta Paris, amma in ka sa mata +33 ba za ta shiga ba. Reyuniyon da Mayot +262 ne, Gwadalup +590, Giyana +594, Martinik +596. Agogon Reyuniyon yana gaban na Kano da Maraɗi da awa uku, na Martinik yana baya da awa biyar.

Injiniya Bello:

Kan tambaya ta uku, Faransa ba ita kaɗai ba ce, sai dai kowace ƙasa da irin nata yankan, kuma wanda ya yi ƙiyasi da wata zai sha ƙasa.

Tsibiran Kanari na Sifaniya suna daura da gaɓar Maroko, amma suna cikin Shengen, bizar Shengen tana shiga da kai lafiya lau. Haka Madera da Azores na Fotugal. Kanari tana wajen TVA, tana da nata haraji mai suna IGIC, kashi 7. Siyuta da Meliya, garuruwan Sifaniya, kuwa a kan ƙasar Afirka suke, suna cikin Tarayyar Turai amma suna wajen yankin kwastan, kuma ana sake duba takardu idan za ka tsallaka daga can zuwa Sifaniya.

Holan ta raba nata gida biyu ranar 10 ga Oktoba 2010. Aruba da Kurasawo da Sint Maarten ƙasashe ne a cikin masarautar. Boner da Saba da Sint Eustatius ƙananan hukumomi ne na Holan kanta, amma dalar Amurka suke kashewa. Duk shidan suna wajen Shengen, suna da bizar Karibiyan, sai dai Holan tana karɓar bizar Shengen mai shiga da yawa a madadinta. Ka ga sashe na 138 ɗaya ne ya fitar da su da na Faransa, amma hukuncin bai zo ɗaya ba. Tsibirin San Martin shi ne abin dariya: ƙaramin wuri, an raba shi tsakanin Faransa da Holan tun 1648, ba shingen iyaka a tsakani, arewacinsa yana cikin Tarayyar Turai, kudancinsa ba ya ciki.

Denmak: Girinland ta fice daga ƙungiyar Turai a 1985, tsibiran Faro ba su taɓa shiga ba. Sai an rubuta a jikin bizar cewa tana aiki a can.

Birtaniya tana da yankunan ƙetare 14, irin su Bamuda da Keman da Jibralta, kowanne da dokar shige da ficensa. Jasi da Gansi da tsibirin Man ba sa cikin lissafin, suna ƙarƙashin sarauta ne kai tsaye. Amurka ta fi sauƙi: bizarta tana aiki a Fwato Riko da Guwam. Samowa ta Amurka ce ta fita zakka, da nata izinin shiga, kuma wanda aka haifa a can ba ya zama cikakken ɗan ƙasa da haihuwa. Mutanen Fwato Riko ƴan ƙasa ne, amma in suna zaune a tsibirin ba sa zaɓen shugaban ƙasa. Ɗan Reyuniyon yana zaɓen nasa.

Ɗan Tibiri:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Injiniya. Saura ɗaya. A ce mutum ya samu bizar Reyuniyon ta gajeren zama daidai yadda aka ce. Tunda jiragen ta Paris suke bi, zai iya yada zango a can da ita?

Malam Ilyasu:

Ya danganta da ko zai taka ƙasar Shengen. Jirgin da ya taso daga Legas ko Abuja a filin Charles de Gaulle yake sauka. Jiragen Corsair da French bee masu zuwa tsibiran kuwa daga Orly suke tashi, tsakaninsu tafiyar mota ce ta ratsa gefen birni. Fita daga wannan fili zuwa wancan shiga Shengen ne, sai da bizar Shengen. Haka idan tikiti biyu ne daban har sai ya karɓi jakarsa ya sake awo, ko da a fili ɗaya ne, domin wurin karɓar kaya yana bayan ƴan sandan iyaka.

In tikiti ɗaya ne, fili ɗaya, bai fita daga zauren matafiya na ƙasa da ƙasa ba, to bai shiga Shengen ba. Amma masu fasfon Najeriya da Gana suna cikin jerin ƙasashen da ake nema wa bizar yada zango a filin jirgi a duk ƙasashen Shengen, Faransa kuma ta ƙara wasu a nata jerin, ciki har da Kamaru da Cadi da Sudan. A nemi wannan tare da ta tsibirin a zama ɗaya.

Wani tarkon: wanda ya karɓi Shengen mai shiga sau ɗaya, ya kwana uku a Paris, ya wuce Reyuniyon. Da ya hau jirgin ya fita daga Shengen, bizar ta ƙare aiki. A dawowa in zai sake fita gari a Paris, shiga ta biyu ce. A nemi mai shiga biyu ko mai yawa. Alherin da ke ciki shi ne kwanakin tsibiri ba sa cin kwana 90 cikin 180 na Shengen.

Ga ɗan Afirka ta Yamma ma zagaye ne bin Paris. Daga can zuwa Reyuniyon ya haura kilomita 9,000, awa goma sha ɗaya a sama. Ta Nairobi ko Johanesbag zuwa Morishus, daga nan tsallake ne na ƙasa da awa ɗaya. A duba sharaɗin yada zango na kowace ƙasar da za a bi. Ƴan Nijar kuma su tuna an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun Janairun 2024.

Alhaji Mamman Damagaram:

Ƴaƴana kun yi ƙoƙari. Zan ƙara abin da ƙuruciya ta sa ba ku ambata ba: wannan kalma ta outre-mer, Nijar ma ta taɓa amsa ta. Daga 1946 zuwa 1958 sunanta a doka yankin ƙetaren teku ne na Faransa, kamar Cadi, kuma Hamani Diori ya zauna a majalisar dokoki a Paris a matsayin wakili. A ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulkin Faransa ta 28 ga Satumba 1958 Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a, aka ayyana i ce ta yi rinjaye, aka kafa jamhuriya 18 ga Disamba, ƴanci ya zo 3 ga Agusta 1960. Matsayin da Polineshiya take kai yau, jikan wancan ne. Gwamnan Cadi da ya bi de Gaulle a 1940, Félix Éboué, haifaffen Giyana ne. Sarki Behanzin na Dahomey kuma Martinik aka kai shi gudun hijirar dole a 1894. Zama gunduma ma ba ɗaurin har abada ba ne, Aljeriya gundumomi ce kafin 1962.

Gyara ɗaya ga Malam Ilyasu, kada a haɗa Mayot da sauran huɗun a ƙwarya ɗaya. Tsibiri ne na Musulmi, yana cikin jerin tsibiran Komoros, ya ƙi bin ƴan'uwansa a ƙuri'ar ƴancin kai ta 1974, ya sake zaɓar Faransa a 1976, kuma har yau Komoros tana cewa nata ne. Kafin ya zama gunduma sai da aka karɓe hukunci daga hannun alƙalan Musulunci, aka hana sabon auren mace fiye da ɗaya a doka. Yawancin katunan zama da ake bayarwa a Mayot a Mayot kaɗai suke aiki, mai riƙe da su sai ya nemi biza kafin ya je Reyuniyon ko Paris. Tun 2018 kuma haihuwa a can ba ta buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa kamar a metropol, sai an duba halaccin zaman iyaye. Tsakaninsa da tsibirin Anjuwan na Komoros kilomita 70 ne, kuma tun da aka sa wa ƴan Komoros biza a 1995 mutane suke halaka a ƙananan jiragen da ake kira kwasa-kwasa.

Wanda zai je Reyuniyon, akwai masallacin Noor-e-Islam a San Deni, an buɗe shi a 1905, ya girmi babban masallacin Paris.

Malam Ilyasu:

Gaskiya ne, Baba, na karɓi gyara. In ƙara a kai: izinin aiki ma haka yake. Wanda aka bayar a gundumar ƙetare a nan kaɗai yake aiki, na metropol kuma ba ya bin mutum zuwa tsibiri. Ma'aikacin da ya sauya wuri sai an sake nema masa.

Hajiya Rabi Mai Kwantena:

Na manta da kuɗi. Gundumomin biyar, da San Martin da San Bartelemi da San Piyar, duk yuro ne. Polineshiya da Kaledoniya da Walis kuwa faran CFP suke kashewa, wanda aka haifa wata ɗaya da sefa, Disambar 1945. A takardar ciniki XPF ake rubuta shi, namu na yamma XOF, harafi ɗaya ne tsakani, amma darajar ba ɗaya ba ce. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, shi kuwa CFP 1,000 yuro 8.38 ne. Wanda ya ga farashin 1,000 a rasit daga Numeya ya ɗauka sefa jaka ɗaya ce, ya shirya biyan kusan jaka biyar da rabi.